Inna a Faifai Biyu

Kakata ta wajen uba hoto ɗaya ta taɓa yi a duniya, shi ma faɗa take yi a ciki. An kai ta ne a ɗauke ta saboda fasfon aikin hajji. Mai hoton ya ce, "Iya, ɗan yi murmushi mana," ita kuwa ta buɗe baki za ta tambaye shi ko ita abokiyar wasansa ce, sai ya danna. Haka ta fito, gira a tattare, baki a ɗan buɗe, wushiryarta a waje. Allah bai nufe ta da tafiyar ba, ta rasu kafin a fara jigilar alhazai.

'Ya'yanta maza biyu ne, Babana da ƙanensa da muke kira Baffa, su kuma Inna suke ce mata. Gona ta rabu, tumaki sun rabu, har tukwane kowa ya san inda nasa suke. Hoto ne ya ƙi rabuwa. Sai suka yi yarjejeniya, daga ƙaramar salla zuwa babba yana gida ɗaya, daga babba zuwa ƙarama yana ɗayan. Ko yaro ya san wannan rabo ba daidai ba ne, shi ya sa kowace shekara ake musaya, kowace shekara kuma sai an yi musu kan wanda ya yi dogon zango bara. Mu muna Limawa a cikin Dutse, Baffa yana Kiyawa, hoton yana kai da komo a aljihun gaba kamar ɗan aike. Duk da wannan musu, ba Juma'ar da za ta wuce ba su ci tuwo a kwano ɗaya ba.

Ni ce mai sunanta. Saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake ce mini, Baffa kuma ya ce "Inna ƙarama."

Bayan an ba mu jiha, na sami aikin buga tafireta a wata ma'aikata. Ana nan sai kwamfuta ta zo. Aka lulluɓe ta da ƙyalle, aka sa mata fanka ita kaɗai, mu 'yan Adam muna gefe muna zufa. Babbar sakatariyarmu, wata Kirista daga wajen Jos da muke kira Madam, ita aka tura kwas, ita kuma ta koya mini. Daga baya aka kawo sikana, wata na'ura mai murfi da ake kwantar da takarda a kanta, ta ɗauki hotonta ta shigar cikin kwamfuta. Ranar da hoton Inna ya kwana a gidanmu na lallaɓa na kai shi ofis, na ɗauke shi, na zuba a faifai biyu. Faifan wancan zamani ɗan baƙin abu ne mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, da ɗan ƙarfe mai zamewa a goshinsa. Madam ta ce kada a bar kayan gida a kwamfutar gwamnati, na goge na ciki. Bugawa a takarda kuwa ba ta taso ba, don firintarmu mai allura ce, in ta buga fuskar mutum sai ka ce gero aka watsa wa kaji. Na jefa faifan biyu a jaka na manta da su.

Da damina ta faɗi, hoton ya ja sanyi. Baba ya shanya shi a kan tabarma a tsakar gida, ya juya zai yi alwala. Akuyar Baffa, wadda ya kawo wa mahaifiyata kiwo, ta zo ta cinye shi. Abin da aka ƙwato daga bakinta ɗan gefen mayafi ne kawai.

Baba ya ce akuyarka. Baffa ya ce gidanka. Akuyar dai ita ta ci riba, domin Baba ya rantse ba za a yanka ta ba, ba kuma za a sayar ba, da Inna a cikinta. Ta tsufa a gidanmu cikin alfarma, dusarta daban.

A nan ne na tuna da jakata. Na fito da faifan biyu ina ta washe baki, na ce ga Inna nan ba ta ɓata ba, kowa ya riƙe nasa, rigimar salla ma ta ƙare. Baba ya karɓa yana sa mini albarka. Baffa ya juya nasa gaba da baya, ya kai kunne ya girgiza shi.

Sai dai fa Baffa mai rumfar kaset ne a kasuwar Kiyawa. A da waƙoƙi yake sayarwa, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ya koma wa'azi da karatu, amma rakodarsa mai baki biyu ita ce dai. Kullum aikinsa ke nan, ya sa kaset a wannan baki, ya kwafa a wancan. Na asali shi yake kira uwa, wanda aka kwafa daga uwa 'ya, wanda aka kwafa daga 'ya jika. Uwa garau take. 'Ya da ɗan shuu a ƙarƙashinta. Jika kuwa sai ka ji kamar malamin ya faɗa rijiya yana wa'azi daga can.

Ya ce, "Inna ƙarama, wanne kika fara yi?"

Na ce, "Na Baba."

"Nawa fa?"

"Daga na Baba na kwafa."

Baki shi ke yanka wuya. Baffa ya ajiye faifan a kan tabarma a hankali. Ya ce, "Wato ni aka ba 'ya."

Na shiga bayani. Na ce kwamfuta ba rakoda ba ce, abin da ke cikin faifai lambobi ne, lamba kuwa in an kwafe ta ba ta koɗewa, bakwai bakwai ce ko sau nawa aka rubuta ta. Ya saurare ni har na gaji. Sannan ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Ke kanki ai sunanta aka sa miki. Kin kai ta?"

Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Nan take kuma Baba ya ƙara wa wutar kara. Baffa yana da furfura a gemu amma har lokacin Baba Auta yake ce masa. Ya ce, "Haba Auta, ai ni ne babba. Ko nono ni na fara sha, saura ka samu, ga ka nan ka rayu."

Baffa ya ɗauki faifansa ya hau babur, ko sallama bai yi ba. Juma'a ta zo bai zo ba. Wata ta zo, tuwonsa ya kwana a kwano. Sai ga saƙo ta bakin wani direba cewa an rage masa uwa, kuma zai kai magana gaban alƙali. Lokacin kowa ɗokin kotu yake, har kan inuwar bishiya sai ka ji an ce mu haɗu a can. Na tsorata ƙwarai. Baba ya daina cin abincin kirki, yana zaune a zaure yana kallon hanya, amma in an ambaci Kiyawa sai ya ce shi bai san garin ba. Mutum biyu da suka fito ciki ɗaya za su rabu a kan abin da ni na san ɗaya ne.

Na kai wa Madam kuka. Da ta gama dariya ta ce akwai umarnin da ake rubuta wa kwamfuta a baƙin allo, ta ɗauki fayil biyu ta bi su ƙwaya ƙwaya, in akwai inda suka saɓa ta nuna, in babu ta faɗa. Ta ce in kawo su ran Asabar, makulli yana hannunta. Na je Kiyawa da kaina na durƙusa, Baffa ya yarda zai zo, amma ya ce don a tabbatar da zalunci ne, ba don sulhu ba.

Suka zauna a ofis, kujera guda a tsakaninsu ba kowa a kai. Baffa ya ɗan girmama kwamfutar da ya ga ita ma baki biyu gare ta kamar rakodarsa. Aka fara da ido, tunda gani ya kori ji. Na buɗe na Baba, Inna ta sauko daga saman allo a hankali, mayafi, goshi, gira, har bakin nan mai shirin faɗa. Dukansu suka gyara zama, Baba har da gyara hula. Na buɗe na Baffa. Baffa ya ce, "Kun gani! Ta yi fari. Hancin ma ya ragu."

Madam ta ce a sake. Ta tsaya ta kare allon da jikinta, ta buɗe na Baba, ta ce, "Baffa, ga naka kuma." Ya ce ai ga shi nan, har kunnen ya shige. Da ta gaya masa na yayansa yake kallo, ko gezau bai yi ba. Ya ce to ashe uwar ma ta fara lalacewa saboda zama kusa da 'yar.

Ni duk a zatona Baba yana bayana. Ashe shi ma ba ya so su zama ɗaya. Shi mai sayar da hatsi ne, ya ɗora faifai ɗaya a kowane tafi, ya rufe ido, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, ya ce ko makaho ya san nasa ya fi nauyi.

Na ce to ku bari mai aikin ta yi magana. Na sa faifan biyu, kowanne a bakinsa, na rubuta umarnin, na danna. Ta yi ɗan gurnani, sai ga layi ɗaya da Turanci. Na fassara musu: ta ce ba ta ga bambanci ba.

Baba ya ce, "Har ta gama? Kafin in gyara zama? Ko mudu ɗaya na gero ba a tsince shi haka."

Baffa ya ce, "Ita ta yi aikin, ita kuma za ta ba kanta shaida? A wace kotun?"

Baba ya ce, "Shaida ɗaya ma tak."

Madam ta buɗe ofishin akawu, muka maimaita a tasu kwamfutar, ita ma ta ce babu bambanci. Baffa ya leƙa bayanta ya ga tambarinsu iri ɗaya, ya ce 'yan gida ɗaya ne, dole su rufa wa juna asiri. Baba ya ce gaskiyarka, Auta. Tun ranar akuya wannan ce magana ta farko da suka haɗu a kanta, kuma a kaina suka haɗu. Na ji kamar in ɗauki kwamfutar in yi jifa da ita ta taga.

Sai Baba ya tambaye ni, lambobin nan da nake ta faɗa, ana ganinsu? Na ce ana gani. Na buɗe musu, allo ya cika da layuka, lambobi biyu biyu cakuɗe da 'yan haruffan boko. Idon Baba ya yi haske. A ƙuruciyarsa ya yi zaman tsangaya, ya ga yadda ake yi in wani ya kammala rubutu da ka: ɗaya ya riƙa karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, har a kai ƙarshe. Ya ce haka ake duba rubutu tun kaka da kakanni, ba da gurnani ba. A fitar musu a takarda, shi zai karanta nasa, Auta ya bi a nasa.

Madam ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba, za ku tsufa a kai fa." Baba ya ce ai sun riga sun tsufa. Ta jawo ragowar doguwar takardar nan mai huji a gefe, firinta ta wuni tana ihu. Kowannensu ya tafi da ƙunshinsa a ka.

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar sai ka ji babur ɗin Baffa a ƙofar gida. Ranakun farko ba ya gaisawa da kowa, ruwa ma da nasa yake zuwa. Su shimfiɗa takardu a zaure, a danne da duwatsu saboda iska, a kuma ɗaure akuya nesa. Baba ya san lambobi amma bai san haruffan boko ba, sai ya raɗa musu suna da kansa. Akwai bukka, akwai mai ciki biyu, akwai jinjirin wata, akwai mai tumbi, akwai matsefi, akwai matsefin da haƙorinsa ya karye. Yana kuma jan su da murya yana rangaji. Daga ɗaki sai in ji, "Huɗu, bukka. Sifiri, sifiri. Matsefi, tara. Mai tumbi, jinjirin wata." Baffa yana amsawa, "Na'am. Na'am."

Unguwa ta ɗauka. Wata mata ta aiko da zakara, wai a duba mata ko mijinta da ya tafi ci-rani zai dawo bana. Wani ya tsaya a bakin zaure yana kwafar lambobin a hannun riga, ya ce zai gwada su a caca. Wani matashin malami mai zafin wa'azi ya zo da shirinsa, ya ce an gaya masa ana duba a gidan nan. Baba ya ce ƙwarai kuwa, duba ake, zauna. Aka miƙa masa takarda aka ce ya bi da yatsa. Bai kai rabin shafi ba ya ce ana jiransa a masallaci, bai kuma sake biyowa ta layinmu ba.

Lokaci lokaci sai Baffa ya daka tsalle ya ce, "Na kama!" Sai a koma baya, a tarar Baba ne ya tsallake layi. Rana ɗaya an kusa dambe a kan wani ɗigo da yake a takardar Baba babu a ta Baffa, har aka kira ni. Na sa farce na kankare shi. Kashin ƙuda ne.

Ni dai haushi nake ji, ina cewa aikin da na'ura ta gama kafin ƙiftawar ido shi dattawa biyu suka mayar sana'a. Mahaifiyata ce ta ce in yi shiru in duba kwano. Na duba. Baffa ya fara shan kunu. Bayan kwana biyu aka ga ya wanke hannu. Kafin gero ya fitar da kai, in ruwa ya tare shi, a zauren yake kwana.

Sun kai ƙarshe lokacin da aka fara yankan gero. Ba su sami ko ɗigo ɗaya da ya saɓa ba. Mahaifiyata ta soya waina kamar ana walima. Na tsaya a bakin zaure ina jiran a ce mini na yi gaskiya. Baffa ya naɗe takardarsa ya ce, "Takardu dai daidai suke." Baba ya ce, "Uwa dai uwa ce." Tabɗi! Damina guda ta tafi a banza ke nan. Abin da kawai suka yarda da shi, a koma ofis ran Asabar a sake gaida Inna, tunda an daɗe ba a gan ta ba.

Da muka je, na ce kowa ya kawo nasa. Baffa ya fito da gwangwanin madara, a ciki ƙyalle, a cikin ƙyalle faifai. Sana'arsa ce, ya san irin waɗannan abubuwa ba sa son rana, ba sa son laima, ba sa son kusantar lasifika. Baba kuwa ya sa hannu cikin wuyan rigarsa ya jawo wata ƙatuwar laya. Ashe tun waccan Asabar ya kai wa baduku faifan, aka ɗinke shi cikin jar fata saboda tsoron akuya, ya rataya a ƙirji. Da shi ya yi noma, da shi ruwa ya dake shi, da shi yake kwana.

Na karɓi layar na jujjuya ta. Madam ta kawo reza muka farke ɗinkin. Faifan ya lanƙwashe, ɗan ƙarfen ya yi tsatsa, ga sawun basilla a gefe. Na sa shi. Kwamfuta ta yi ta kakari kamar mai ƙaya a maƙogwaro. Can sai Inna ta fara saukowa. Mayafi ya fito, goshi ya fito, gira, idanu. Daga nan sai toka toka har ƙasa.

Baba ya matso da kujera. Ya ce, "Bakin fa, Uwata?"

Na cire na hura na sake sawa. Idanu, sannan toka. Don in san iyakar ɓarnar na sa na Baffa a ɗaya bakin, na rubuta umarnin nan. Wannan karon ba ta ce babu bambanci ba. Layuka suka riƙa zubowa suna gudu sama, kowane layi wuri ne da suka saɓa, sun ƙi ƙarewa.

Baba ya ce, "Tsayar da ita haka."

Na tsayar. Na buɗe na Baffa, Inna ta sauko cikakkiya, da wushiryarta, tana shirin yi wa mai hoto faɗa. Madam ta juya tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni kuwa addu'a nake a zuci kada Baffa ya buɗe baki, don na san abin da damina guda ta tara masa, ga kuma maganar nono da bai manta ba.

Baba ne ya fara magana, da wata murya da rabona da jin ta tun ranar jana'izar Inna. Bai kalli ƙanensa ba, ni ya kalla. Ya ce, "Uwata, in kika ɗebo mini daga na Auta, nawa jika zai zama ke nan ko? Kamar daga rijiya."

Na buɗe baki zan soma bayanin lambobi, Baffa ya riga ni.

Ya ce, "Wace irin jika, Yaya? Ba ni na bi ka da yatsa ba, baƙi bayan baƙi? Ba ta raguwa. Inna ba ta raguwa."

Hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Madam ta jawo aljihun tebur ta ɗauko sabon faifai, baƙi, irin na Baffa sak, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Na kwafa. Na rubuta umarnin, kwamfuta ta ce ba ta ga bambanci ba, amma ba mai kallon allon sai ni.

Baffa ya karɓi faifan biyu. Ya cire hularsa, ya jefa su ciki, ya kama bakin hular ya girgiza sosai, har ni da na kwafa ban ƙara sanin wanne ne wanne ba. Sannan ya miƙa wa yayansa da hannu biyu.

Ya ce, "Kai ne babba, fara ɗauka. Amma don Allah kada ka kai wa baduku."

Baba ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, bai duba ba. Har suka koma ga Allah ba wanda ya sake tambayata wanne na fara yi.